Yadda Na Kai Inna Rimaye ta Ƙasa

Da sunan Allah nake buɗe baki, Mai shimfiɗa ƙasa, Mai tsaga hanyoyi a cikinta, Wanda ya san inda kowace ta nufa ko da mai tafiya a kanta bai sani ba. Ku matso ku gyara zama. Ni ne Barau ɗan Jatau, direba, mutumin Gulbin Tama, birnin da ke can ƙarshen ƙasashen gabas, inda rana ke fitowa kusa da mutane har ana shanya tufafi tun kafin a gama sallar asuba. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi da mahaifiyata zuwa garinsu, tafiyar da shirinta ya kusa juya mini ƙwaƙwalwa tun ban tayar da mota ba.

Wata ranar kasuwa na dawo daga dakon gawayi, na iske Inna Yalwa zaune a tsakar gida da mayafinta a kafaɗa, ta ɗaure ƙunshin kaya ta ajiye a gabanta. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da na fara tuƙi ta samu mafita, take ce mini Direba.

Ta ce, "Direba, ka zuba wa motarka mai. Rimaye za mu."

Na zauna na tambaye ta abin da ya faru. Ashe wani falke ne ya yi sallama da hantsi, ya ce yana neman Yalwa 'yar Rimaye. Ya gaya mata ɗan'uwanta Dogara yana kwance ba lafiya, jiki ya yi nauyi, kuma ba sunan da yake ambata sai nata. Ya sha ruwa, ya yi gaba.

Na ce, "Inna, ta wace hanya falken ya zo?"

Ta ce, "Ta ƙofar gida."

Rimaye kuwa suna ne da na tashi ina ji a bakinta, amma ban taɓa ganin wanda ya je ba. Tun tana amarya mahaifina ya taho da ita cikin ayarin raƙuma, ba ta sake komawa ba. An ce ayari kan tashi da kaka ya isa can bazara ta kusa. A mota kuwa ba wanda ya taɓa gaya mini. Na dubi Inna, na san in na ce a'a da ƙafa za ta kama hanya. Na roƙe ta ta ba ni 'yan kwanaki in shirya.

Washegari na tafi tasha wurin Sarkin Tasha Shantali, wani dattijo da ƙarar injin ta cinye masa kunne ɗaya. Na durƙusa ta wajen kunnen mai ji na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar Rimaye nake nema."

Ya sa aka kira masa tsofaffin direbobi. Suka kewaye ni, kowa ya tsinci tsinke ya fara zane a ƙasa. Wani ya ce in miƙe yamma har in iske Tekun Gishiri, in nemi yadda zan ƙetare. Wani ya ce ƙarya ne, babu teku a wurin, shi da kansa ya bi ta nan da lodin albasa, farar ƙasa ce busasshiya kamar faranti. Na farkon ya rantse ya ga ruwa har ya wanke ƙafa. Suka tashi za su cakumi juna, Shantali ya ɗaga sanda.

Ya ce, "Ku duka kun yi gaskiya. Ruwan zuwa yake yana tafiya."

Na ce, "Yaushe yake zuwa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Wasu sun ce da wata yake tafiya, wasu sun ce da iska. Waɗanda suka tabbatar ba su dawo sun faɗa mana ba." Sa'an nan ya ce, "Wai ma wace Rimayen kake nufi?"

Na ce ban san biyu ba ne.

Ya ce, "Akwai Rimaye ta Sama, akwai Rimaye ta Ƙasa. Ta Ƙasa tana kan dutse. Ta Sama tana cikin kwari."

Na zaci kunnensa ne ya shafi bakinsa, na maimaita masa a hankali. Ya ce haka ya faɗa, haka kuma abin yake, amma kada in tambaye shi dalili don shi ma ji ya yi. Kafin la'asar filin tasha ya cika da zane, layi ya hau kan layi, har wata akuya ta ratsa ta tsakiya, wani direba ya bi sawunta da tsinke yana cewa ai ga hanyar da yake nufi tun ɗazu. Na tashi kaina na sara.

A gida na ce wa Inna ta ba ni labarin zuwanta tun daga farko, ni kuma zan juya shi, ƙarshe ya zama farko, dama ta zama hagu. Ta ce sun sauko daga wani wuri, ko kuma sun hau, ta manta, amma dai raƙumin ya yi ta kuka. Ta ce sun ratsa ƙasar wasu mutane masu kirki ƙwarai. Ta ce sun taka teku da ƙafa. Na fara murna, ina jera abubuwan a raina. Sai ta ƙara da cewa rabin hanyar zazzaɓi take yi, kuma mai yiwuwa tekun a wata tafiyar biki ta gan shi.

Na ce, "To Rimayenku ta Sama ce ko ta Ƙasa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce, "A zamaninmu guda ɗaya ce."

Da na ga hanya ta ƙi shiryuwa, sai na koma shirya abin da ke hannuna. Motata a-kori-kura ce, tsohuwa, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Na kai ta wurin bakanike ya duba birki da lagireto. Na cika jarkoki da mai, na cika wasu da ruwa, na ɗaura tayoyin ko-ta-kwana, na sa igiya da shebur da buhun garin dawa. Na auna komai yadda motar za ta iya ɗauka, na shiga wanka. Ina fitowa na ga an sauke jarkokin mai, an jera tabarmi sababbi a wurinsu, dami guda, da tulun daddawa da turmi.

Na ce, "Inna, turmi kuma? Babu turmi a Rimaye?"

Ta ce, "Shekara da shekaru ban je gida ba, sai in shiga musu hannu rabbana? Tabarmin na matan gidan ne. Turmin na matar Dogara ne, in tana da rai."

Na sauke, ta mayar. Na sake saukewa, ta zauna a kan damin tabarmin ta ce sai dai in sauke su tare. A ƙarshe muka raba: ta bar turmin, na bar rabin ruwan. Na kwana ina lissafin ko na yi wauta, har yau kuma ban gama lissafin ba.

Muka tashi da sassafe, rana a bayanmu. Muka wuce gonakin da na sani, muka wuce garuruwan da nake jin sunansu, muka shiga waɗanda ban taɓa ji ba. Muka ratsa dajin Kurmawa, inda itatuwa ke juyo da ganyensu suna bin mai wucewa da kallo. Inna ta gaishe su, ta ce haka aka yi a zuwanta, ba su kuwa taɓa mu ba. Bayan kwanaki ƙasa ta fara fari, ciyawa ta ƙare, muka tsaya a bakin wani fili wanda ido ba ya ganin ƙarshensa, yana ƙyalli har sai mutum ya runtse.

Babu ruwa ko ɗigo. Na sauka na taka, na ji tauri kamar daɓe. Na duba sama ban ga wata ba, na jiƙa yatsa na ɗaga ban ji iska ba. Ban san ko rashinsu alheri ne ko sharri ba. Na ce wa Inna ko mu jira mu ga yadda ruwan ke yi.

Ta ce, "Dogara zai jira?"

Na yi bisimilla na shiga. Muka yi ta gudu a kan gishiri har rana ta take tsaka, ba hanya, ba alama, sai sawun tayarmu a baya. Da duwatsun ƙetare suka fara bayyana, sai na ji motar tana nauyi. Na leƙa, na ga gishirin ya yi duhu. Ruwan ba daga gaba ya zo ba, ba daga baya ba, daga ƙasa yake tsatsowa. Kafin in yi wani tunani tayoyin baya sun nutse, injin yana kuka, mota ba ta motsi.

Na sauka ruwa ya kama mini idon sawu. Na haƙa da shebur, ramin ya cika kafin in ɗaga. Na tura, na ja, na sake haƙawa. Ruwa ya kai ƙwauri. Na dubi Inna a cikin mota, tsohuwa da ba ta iya doguwar tafiya. Sai idona ya faɗa kan damin tabarmi.

Na ce, "Inna, ki yafe mini tsarabarki."

Ta ce, "Ɗauki. Amma ka bar mai jan baki."

Na rage wa tayoyin iska don su yi faɗi, na shimfiɗa tabarmi a gabansu, na shiga na taka a hankali. Motar ta yi nishi ta hau. Na tsaya, na koma na kwaso tabarmin da muka wuce, na sake shimfiɗawa a gaba. Haka na yi ta yi, shimfiɗa, taka, kwaso, gishiri yana cin tafin hannuna, ruwa yana bin mu yana ƙaruwa. Tabarmin suka yi ta yagewa ɗaya bayan ɗaya. A kan ta ƙarshe tayar gaba ta kama dutse. Da muka hau tudu na waiwaya, na ga teku shuɗi yana kaɗawa, har da tsuntsaye a kansa, kamar tun farkon duniya yake nan.

Inna ta daɗe tana kallonsa, tana rungume da tabarmarta mai jan baki. Ta ce, "Ashe ba a tafiyar biki ba ne."

Daga nan muka faɗa wata ƙasa mai dausayi, hanyoyi sun rarrabu a cikinta kamar jijiyoyin ganye. A mararrabar farko, gindin wata kuka mai rassa biyu, na ga wani manomi. Na yi sallama na nuna dama na ce, "Malam, nan ce hanyar Rimaye?"

Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, ita ce."

Muka bi ta har yamma, ta fito da mu gindin kukar. Da safe na sami wani, na nuna hagu. Ya ce, "Madalla, ita ce." Ita ma ta zaga da mu ta dawo da mu. Na fara shakkar kaina. Na ce ko kukar ce ke bin mu, na ɗaura mata tsumma a reshe, muka tafi, muka dawo muka iske tsummanmu. Mai yana raguwa, ruwan da na bari a gida yana yi mini gizo. Don in gwada, na nuna wa wani dattijo wata 'yar hanya da ta ƙare a bakin rijiya ina kallo, na ce ko ita ce. Ya dafa ƙirji ya ce madalla, ita ce.

Na zauna a kan dutse na riƙe kai. Mutanen nan ba mugaye ba ne. Duk wanda muka tsaya wurinsa sai ya kawo mana fura, ya raka mu da addu'a. Amma ban gane ko su ne ba su da hankali ko ni ne nawa ya zube a cikin gishiri ba.

Dattijon nan ya kai mu gidansa mu huta. Matarsa tana surfe ita kaɗai, gumi yana zuba. Inna ba ta iya ganin ana aiki tana zaune, sai ta tashi ta ɗauki ɗaya taɓaryar. Matar ta so hana ta, ta kasa cewa a'a. Suka yi ta lugude tare har hatsin ya fita. Da suka ajiye taɓare, sai na ga fuskar matar ta sake, murmushin baƙunta ya tafi, ta zama kamar kowace maƙwabciya.

Ta ce wa Inna, "Yaya, wai motarku ce ke ta zagaye garin nan kamar jakin da ya ɓata? Ina za ku?"

Inna ta ce Rimaye.

Ta ce, "To wane marar kan gado ne ya ce ku bi ta wajen kuka?"

Na ce, "Baba, har da maigidanki."

Ta ce, "Ai dole. Ku baƙi ne a lokacin." Ta bayyana mana cewa a ƙasarsu babban abin kunya ne a ce wa baƙo a'a, ko a nuna masa ya yi kuskure. Amma wanda ya sa hannu a aikin gida ya tashi daga baƙo, ana iya gaya masa gaskiya har a yi masa faɗa. Ta ce duk hanyoyin kuka na gona ne. Hanyar Rimaye tana bayan makera.

Na tambaye ta zancen Sama da Ƙasa. Ta ce da can gari ɗaya ne mai unguwa biyu. Wata shekara kogi ya cinye unguwar ƙasa, mutanenta suka gudu kan dutse da sunansu. Bayan nan rijiyoyin unguwar sama suka ƙafe, mutanenta suka gangara kwari, su ma da nasu sunan. Inna ta ce gidansu a bakin kogi yake, tana jin kwaɗi daga ɗaki.

Matar ta ce, "To ku 'yan Ƙasa ne. Sai ku hau."

Muka hau. Hanyar dutsen nan an sassaƙe ta ne a jikin dutse, faɗinta na mota ɗaya, hagu bango, dama rami wanda gajimare ke yawo a cikinsa. Ina tafe da ƙaramar giya, ba na ko son haɗiye yawu. Muna shan wata kwana sai ga wata mota ta sauko, muka tsaya hanci da hanci.

Wata mace ce ke tuƙi, doguwa, ta ɗaure ɗankwali tamau. Ta leƙo ta ce, "Malam, koma da baya."

Na ce, "Baiwar Allah, mai hawa ake ba hanya."

Ta ce, "A garinku. A nan mai saukowa ake ba."

Muka sauka muka tsaya a ɗan tsakanin motocin. Na ce mata ina ɗauke da tsohuwa, daga ƙarshen duniya muke, kuma rai muke bi. Ta ce ita ma tsoho ne kwance a bayan motarta, ba shi da lafiya, ya hana kowa sakat sai an kai shi inda yake so, kuma ba ta san ko zai kai ba. Na ce wurin juyawa na baya da nisa. Ta ce nata ya fi nisa. Na ce man motata ya kusa ƙarewa. Ta ce wannan ni ya dama. Muka yi ta yi, murya tana hawa, dutse yana maido mana da ita.

Ban ga lokacin da Inna ta sauka ba. Ta ji an ce akwai marar lafiya, ita kuwa ba ta wuce marar lafiya ba ta yi masa sannu ba. Ta bi jikin bango tana dafawa har bayan motar matar. Da na hango ta a bakin ramin nan, na bar gardama na bi ta in dawo da ita.

Wani tsoho ne kwance a kan katifa, an yi masa rumfa da zane, ya rame har ƙasusuwan fuskarsa sun fito. Inna ta ce, "Sannu, Malam. Yaya jikin?"

Ya ce, "Da sauƙi, Hajiya. Sannunku da hanya."

Ta ce, "Kai kuwa da wannan jiki ina za a kai ka? Ai gida ya fi maka."

Ya ce, "Haka 'yata ke cewa. Na aika saƙo ne tun kaka, ban ji amsa ba. Na ce to in ita ba ta iya zuwa, ni zan je. Ƙanwata zan gani, a wani gari wai shi Gulbin Tama. Ko hanyar ba mu sani ba."

Na ga Inna ta kama ƙarfen motar da hannu biyu. Ta daɗe tana duban fuskarsa, sa'an nan ta ce, "Tun yaushe na zama ƙanwarka, Dogara? Ni da na goye ka."

Tsohon ya ɗago kai da ƙyar. Ya dube ta ya ce, "Yalwa. Kin tsufa."

Ta ce, "Kai ka ga kanka?"

Na ɗaga ta na sa ta a bayan motar. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora kansa a cinyarta, ta gyara masa hula. Ba wanda ya yi kuka da ƙarfi a cikinsu. Matar nan ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallo, ta dube su, ta dube ni. Sunanta Tabawa, 'yar Kawu Dogara ce ta fari. Da ta gane ko ni wane ne, ta share ido da bakin ɗankwali ta ce, "Ashe taubashina ne. Shi ya sa ka cika taurin kai."

Na ce, "Yanzu dai wa zai koma da baya?"

Muka tsaya muna duban juna, don har yanzu motocin suna nan hanci da hanci. Inna ce ta ɗago ta ce, "Direba, gida za mu. Wanda gida ke bayansa shi zai koma."

Tabawa ta shiga ta sa giyar baya. Ta fara hawa a hankali, ni ina biye da ita, fuskata tana kallon tata ta cikin gilashi, ina yi mata alama da hannu in ta matsa kusa da rami. Haka muka hau dutsen nan, mota ɗaya da baya, ɗaya da gaba, har rana ta yi sanyi. Mutanen Rimaye ta Ƙasa suka fito bakin gari suna kallon motar da ta tafi da safe ta dawo da ƙeya. Ta bayan motar kuwa ina jiyo muryoyin tsofaffin biyu, suna musu a kan ko wace shekara ce kogi ya tafi da akuyar babarsu.

Kawu Dogara ya ga damina, ya ci sabon gero daga hannun yayarsa. Da kaka ta yi Allah ya karɓi abinsa, kansa a kan cinyarta. Bayan an share makoki na ce wa Inna mu fara shirin komawa. Ta ce in shirya ni kaɗai, ita ta iso.

Nan labarina ya tsaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na rikice kuwa ku yi mini uzuri, a rikicen na yi tafiyar.